RA'AYINMU: A Gyara Hanya, A Bar Mana Inuwa

Duk wanda ya bi hanyar ƙafa da ta taso daga ɗakunan kwanan ɗalibai ta nufi laburare, tun daga dawowarmu hutu, ya ga jan fenti da aka shafa a jikin waɗansu daga cikin darbejiyoyin da ke jere a gefenta. Da wakilinmu ya tambayi leburorin da ke aiki a wurin, sai suka ce masa alamar sara ce. Dalilin kuwa a fili ya ke. Saiwoyin itatuwan sun kutsa ƙarƙashin daɓen siminti, sun ɗaga shi sun farfasa, har a waɗansu wurare bakin daɓen ya tashi ya kai faɗin tafin hannu. An ce niyyar ita ce a sare itatuwan, a tone kututturansu, a sake malala siminti sumul tun daga farkon hanyar har ƙarshenta.

Mu a wannan mujalla muna goyon bayan gyaran hanyar ɗari bisa ɗari, amma ba mu yarda da saran ba. Za mu kawo dalilanmu dalla-dalla, tare da abin da mu ke ganin ya kamata a yi, don kada a ce ɗalibai sun iya ƙorafi kurum ba su iya kawo mafita ba.

Da farko dai, gaskiya ce hanyar ta lalace, kuma lalacewarta abin tsoro ce. Wanda ya taɓa dawowa daga karatun dare bayan an ɗauke wuta ya san yadda a ke ɗaga ƙafa a wurin kamar mai ƙetare kunyoyin gona. Akwai cikinmu waɗanda suka yi tuntuɓe suka yi targaɗe, akwai waɗanda suka fasa tabarau. Mu masu ido da ƙafafu ke nan. To, ina ga ɗan'uwanmu makaho da ke lalube da sanda? Ina ga 'yar'uwarmu mai keken guragu, wadda tilas ta sauka daga daɓen ta shiga kwalta, ta yi gogayya da motoci da babura kafin ta isa ɗakin lacca? A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin ƙafa yadda za su biyu ga kowa. Wa'adin ya cika a 2024. Saboda haka gyaran nan ba alfarma ba ce da hukuma za ta yi wa wani, hakki ne da doka ta ɗora mata. Ko ba doka ma, tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa akwai lada ga wanda ya ɗauke abin da zai cuci mutane daga kan hanya. Amma malaman da suka karantar da mu wannan, su ne kuma suka karantar da mu ladan wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ya amfana da shi. Ba mu ga dalilin da zai sa a nemi lada guda ta hanyar zubar da ɗayan ba.

Sai mu duba ko laifin wane ne daɓen ya fashe. Tsofaffin masu gadi da masinjojin da suka daɗe a nan sun shaida cewa itatuwan sun girmi daɓen nesa ba kusa ba. Watau simintin ne ya zo ya iske itacen a wurinsa, aka zuba shi har ya rungumi gindi, ba a bar masa ko taki guda na ƙasa ba.

Mutane da yawa suna zaton saiwar itace tana nutsawa ƙasa ne kamar yadda rassa ke tashi sama. Abin ba haka ya ke ba. Darbejiya dai tana da uwar saiwa mai nutsawa da zurfi, amma galibin saiwoyin da itace ke ci da sha da su suna kwance ne a sama-sama, cikin santimita 60 na farko, suna kuma bazuwa har su zarce iyakar inuwar itacen. Abin da su ke nema shi ne ruwa, da iska, da ƙasa mai laushi. Shi kuwa mai aikin daɓe, kafin ya zuba siminti sai ya danne ƙasa da inji ta yi tauri kamar fa, yadda saiwa ba za ta iya huda ta ba. Wurin da ya rage mata kaɗai shi ne ɗan tsakanin nan da ke ƙarƙashin daɓen, inda laima ke taruwa in simintin ya huce da dare, rana kuma ba ta kai gare ta balle ta busar da ita. Nan saiwa ke shiga tana siririya kamar zare. Kowace damina ta ƙara kauri, har ta zama kamar tsintsiyar hannu, har ta kai cinya. Siminti kuwa yana jure nauyi in an danna shi daga sama, amma ba ya jure a tura shi daga ƙasa a wuri guda, sai ya dare.

Daɗin daɗawa, kowa ya san halin waɗansu 'yan kwangilarmu. Buhun siminti guda a ke sa shi ya yi aikin biyu. Ba a shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashi, ba a raba daɓen gida-gida yadda zai sami wurin motsawa in zafi ya buɗa shi, kaurinsa kuma wani lokaci bai fi na fankasau ba. Mai shakka ya je bayan ɗakin cin abinci, inda babu itace ko ɗaya, ya ga yadda daɓen can ma ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka ɗora wa darbejiya laifin duka, an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu kuma mu auna abin da za mu rasa in an yi saran. A Kano da Sakkwato da Maiduguri ba abin mamaki ba ne zafi ya haura maki 40 a watan Afrilu, kuma al'amarin ƙaruwa ya ke yi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ma'aunin da aka yi a Amurka ya nuna cewa daɓe ko bangon da ke cikin inuwa kan fi wanda rana ke duka sanyi da maki 11 har zuwa 25. Ba ma sai mun je Amurka ba. Kowa ya taɓa taka siminti da silifa da azahar a bazara, ya kuma koma gindin darbejiya ya ji bambanci. Darbejiya tana riƙe da ganyenta a lokacin da itatuwa da yawa suka kaɗe, watau daidai lokacin da a ke matuƙar bukatar inuwa. A gindinta ɗalibai ke bitar darasi in ɗaki ya zama tanda. A nan mai shayi da mai gyaran takalmi ke neman abincinsu, a nan kuma direbobi ke jiran iyayen gidansu. Hanya sumul wadda ba mai iya bin ta daga hantsi zuwa la'asar, wa aka yi wa ita?

Itacen nan baƙo ne da ya zama ɗan gida. Asalinsa daga Indiya da Bama ne, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga nan ya bazu har kowane yanki ya raɗa masa suna, wasu su ce darbejiya, wasu maina, wasu dogon yaro, mutanen Nijar su ce bedi. Da shi aka ƙawata titunan Maiduguri. Da shi aka yi jerin katangun tare iska a kwarin Majiya na jihar Tawa tun daga 1975, bayan farin da ya halaka dukiyar Sahel. Waɗanda suka dasa na jami'armu, suka yi ta jigilar ruwa da garwa suna kare su daga awaki da gara, yawancinsu ba su zauna a inuwarsu ba. Kakanninmu ma sun san darajar itace a cikin gari, shi ya sa suka sa wa unguwanni sunansa: Durumin Iya da Kurna da Tsamiyar Boka a Kano, Unguwar Rimi a Kaduna. Abin kunya ne a ce mu da a ke kira masu ilmi mu ne za mu kasa zama da shi.

Abin mamaki shi ne, a kowace damina a kan yi gangamin dashen itatuwa. Manya su zo da manyan riguna, a dasa 'yan tsirrai a gaban masu ɗaukar hoto, a watse, awaki su ƙarasa aikin. Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa don tare hamada, jihohi 11 na arewacin Nijeriya kuma suna ciki. Ta yaya za mu riƙa kashe kuɗi muna renon tsiro a bakin hamada, alhali muna sa gatari a gindin itacen da ya riga ya girma a tsakar gidanmu? Sara aikin yini guda ne, amma ɗalibin da aka dasa tsiro a shekararsa ta farko zai gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya yi aure, kafin tsiron ya ba da inuwa irin wadda aka sare.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta taɓa samu ba, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2012 majalisar birnin Sheffield ta ƙasar Ingila ta ba wani kamfani kwangilar shekara 25, ta fam miliyan 2,200, don gyaran tituna da hanyoyin ƙafa. A ƙarƙashin kwangilar aka shiga sare itatuwan gefen titi, ciki har da lafiyayyu, bisa hujjar cewa sun ɓata daɓe. Mutanen gari suka tashi tsaye suna tsayawa a gindin itatuwa. A watan Nuwamba na 2016 aka zo wani titi da asuba tare da 'yan sanda, aka ta da mutane daga barci su janye motocinsu, aka kama har da tsofaffi. Kafin a dakatar da aikin a 2018 an sare fiye da itace 5,000. Da aka zauna aka duba sauran ɗaya bayan ɗaya tare da mutanen gari, sai aka tarar da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin sara ƙaramin gyara kawai daɓensu ke bukata. A 2023 kwamitin bincike ya sami majalisar da laifin ɓoye wa jama'a gaskiya, ta fito ta nemi gafara. Gafarar ba ta mayar da itace ko guda ba.

Birnin Los Angeles na Amurka kuwa kuskurensa ta ɗaya gefen ne. An dasa itatuwa dangin durumi da ceɗiya a 'yan matsattsun ramuka a gefen titi, saiwoyinsu suka birkice daɓe, hukuma ta yi shekaru tana kallo. Naƙasassu suka kai ƙara kotu, a 2015 birnin ya amince zai kashe kusan dala miliyan 1,400 cikin shekara 30 wajen gyara. Ɗaya ya yi gaggawar sara ya ji kunya, ɗaya ya yi sakaci da gyara ya biya da tsada. Ba mu so jami'armu ta bi sawun ko ɗaya daga cikinsu.

To, mene ne abin yi? Dabarun sanannu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfin birkilolinmu. Inda bakin daɓe ya ɗan tashi kaɗan, a goge shi da inji ko a yi masa gangare, yadda keke zai hau ba tare da cijewa ba. Inda siminti ya shaƙe gindin itace, a fasa shi a buɗa wa gindin fili, a bar ƙasa tana shan ruwa da iska. Inda saiwa ta yi kauri, a karkata hanyar ta kewaye itacen. Fili dai Allah Ya hore wa jami'ar nan, kuma ba a saukar da aya cewa sai hanyar ƙafa ta miƙe kamar igiyar awo ba. Inda babu wurin kewayawa, a ɗaga hanyar ta haye bisa saiwoyin, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora daɓe mai rodi kamar 'yar gada, a yi mata gangare mai sauƙi a kowane gefe. A kusa da itatuwa kuma a bar malala siminti, a yi amfani da tubalan daɓen nan masu shiga juna da birkiloli ke kira intalok. Su a kan yashi a ke jera su, ruwan sama yana ratsa tsakaninsu, in saiwa ta ɗaga su kuma sai a ciccire, a daidaita yashin, a mayar, ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Akwai inda ba makawa sai an datse saiwa. Wannan aikin malamin daji ne, kada a bar wa lebura da diga. Masana sun yi gargaɗin kada a yanke babbar saiwa kusa da gindi fiye da ninki 3 na kaurin gindin. Watau in kaurin itace ya kai santimita 50, kada a matso ƙasa da mita ɗaya da rabi. A yanke ta da zarto yanka mai kyau, kada kuma a datse kowane gefe a shekara guda. Dalili shi ne saiwoyin nan su ke riƙe da itacen. Wanda ya sassare su don ya ceci daɓe, ya haɗa tarko ne da zai faɗo a kan mutane ranar da iskar farkon damina ta taso.

Game da sababbin hanyoyi, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A bar aƙalla mita 2 tsakanin babban itace da bakin daɓe. Durumi da ceɗiya da gamji da rimi sarakunan inuwa ne, amma saiwoyinsu a sarari su ke tafiya, don haka dandali da filin wasa ne wurinsu, ba ɗan siririn tsakanin kwalta da lambatu ba. A shimfiɗa tsakuwa mai kauri a ƙarƙashin daɓe, gama ba ta riƙe laimar da ke jawo saiwa sama. A kafa shamaki na roba mai tauri a tsaye cikin ƙasa, zurfin kamar santimita 60, tsakanin tsiro da hanya, don ya tilasta wa saiwa ta nutsa kafin ta ƙetare. A Jami'ar Cornell ta Amurka, cikin shekarun 1990, an ƙago wani haɗi na fasasshen dutse kashi 4 da ƙasa kashi 1. Duwatsun su ke ɗaukar nauyin daɓen, saiwa kuma ta bi ta ƙofofin da ke tsakaninsu. A birnin Stockholm na Suwidin manyan duwatsu su ke jerawa, su cika tsakaninsu da garin gawayi da taki. Dutse da gawayi da taki, wanne ne sai mun yi odarsa daga waje?

Ba mu ce kada a taɓa itace ko ɗaya ba. Wanda ya ruɓe daga ciki, ko gara ta cinye shi, ko ya karkata bisa ɗakin kwana, a sare shi tun bai yi ɓarna ba, gama ran mutum ya fi kowane itace. Abin da mu ke ƙi shi ne a yi wa jeri guda hukunci guda da gwangwanin fenti. Haka kuma ba mu yarda da cewa sara ya fi arha ba, sai an nuna mana lissafi. A haɗa kuɗin sara, da na tone kututture, da na cike rami, da na sabon siminti, da na renon tsiro shekara da shekaru, sa'an nan a gwada da kuɗin tubali da yashi.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a, cikin ladabi da girmamawa, da ta yi waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, a dakatar da saran har sai an duba kowane itace shi kaɗai, an rubuta dalilin barinsa ko sare shi, an liƙa a allon sanarwa inda kowa zai karanta.

Na biyu, a sa malamanmu na aikin daji da na injiniya da na tsara birane cikin masu dubawar, tare da wakilin Ƙungiyar Ɗalibai da wakilin ɗalibai naƙasassu. Bai dace a ce ana koyar da ilmin a cikin aji, a ƙofar ajin kuma ana aiki kamar ba a taɓa jin labarinsa ba.

Na uku, kafin a gama wannan, a gaggauta yi wa wuraren da suka fi haɗari gangare, a shafa musu farin fenti, a gyara fitilun hanyar. Wannan ba ya jiran kwamiti.

Na huɗu, duk itacen da ya zama tilas a sare, a bayyana inda gungumensa za su tafi da abin da aka samu a kansu. Ba mu zargi kowa ba. Amma a garin da itacen girki da gawayi suka yi tsada irin ta yau, bayani a fili shi ne zai rufe bakin masu tsegumi.

Na biyar, a maye gurbin kowane itacen da aka sare da waɗansu, a wurin da ya dace, a kewaye su, a kuma ɗora wa wani ofishi takamaimai alhakin ba su ruwa har su kafu.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Mu ne ke buga ƙusoshi a jikin itatuwan muna liƙa hotunan 'yan takara lokacin zaɓen ƙungiya. Mu ne ke ƙona shara a gindinsu, mu ne ke karya rassa don asuwaki har mu bar itace da rauni. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna ba Ƙungiya shawara ta shirya aikin gayya a ƙidaya itatuwan jami'a, a ba kowanne lamba, a auna kaurinsa, a rubuta halin da daɓen kusa da shi ke ciki. Ɗaliban shekarar ƙarshe da ke neman abin da za su yi bincike a kansa, ga shi nan a bakin ƙofarsu.

Daga ƙarshe, muna da magana da yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda ke karanta wannan mujalla a ma'aikatun ayyuka da hukumomin raya birane da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Abin da ke faruwa a hanyar laburarenmu shi ke faruwa a garuruwanmu duk lokacin da za a faɗaɗa titi ko a gina lambatu. Wata rana fayil zai iso teburinku, an rubuta a ciki cewa a share wuri, kuma a cikin kalmar nan guda akwai itatuwan da suka girmi iyayenku. Kafin ku sa hannu, ku tashi ku je ku gani da idonku, ku tambayi injiniya ko an gwada kewayawa, ku nemi a rubuta kare itatuwa cikin sharuɗɗan kwangila tun kafin a ba da ita. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya sauya manufar gwamnati, amma yana iya rubuta layi biyu a gefen fayil, kuma sau da yawa layi biyun nan su kan ceci abin da dogon jawabi bai ceta ba.

Mun aika wa hukuma kwafen wannan ra'ayi, kuma duk amsar da ta ba mu za mu buga ta yadda ta zo a fitowa ta gaba. Filin wasiƙu kuma a buɗe ya ke ga mai goyon baya da mai suka, musamman waɗanda hanyar ta fi wahalar da su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauraro, mu kuma Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da muka tarar.